Malaman fiziks na Katsina da Daura: yaya kuke nuna wa yara cewa nauyi na lanƙwasa haske?

Malami, Ƙofar Soro: Salamu alaikum. Duk wanda ya gwada wannan darasin a aji, ya taimaka mana da hanyar da ta yi aiki da wadda ta ƙi.

Malama, Daura: Wa alaikumus salam, Malam. A samo yadi mai miƙewa, a ɗaure shi tamau a bakin babban baho, a ɗora dutse mai nauyin kilo ɗaya a tsakiya. Sai a gangara ƙwayar boris ta gefen dutsen, yara su ga hanyarta ta karkace. Atamfa da shadda ba sa yi, tattarewa suke, ƙwayar ta bi tattarar. In an tura ta a hankali, ramin take faɗawa. A tura da ƙarfi, don haske wucewa yake, ɗan kaucewa kawai yake yi.

Malami, Ƙofar Ƙaura: Gaskiya ne Malama, amma bahon yana da illa: yaro mai kaifin kai zai ce ai jan ƙasa ne ya ja ƙwayar, kin bayyana abu da kansa. Ƙwarya ta fi. A kife ta, a liƙa siraran takardu biyu daga baki, kowace ta miƙe sama ba tare da an karkata ta ba. A gindin ƙwaryar za su haɗu. Ba wanda ya ja su, shimfiɗar ce a lanƙwashe. Abin da Einstein ya zo da shi ke nan a 1915.

Mai kula da ɗakin gwaji, Katsina: Kada a kuskura a kawo gilashin ƙara girman rubutu. Shi ya fi lanƙwasa haske a gefe, nauyi kuwa a kusa da tsakiya ya fi lanƙwasawa. Gindin kofin gilashi mai doguwar ƙafa ake so. A ɗiga baƙin tawada a farar takarda, a riƙe gindin a samansa: in an daidaita, ɗigon ya zama zobe, in an ɗan goce, ya rabe gida biyu. Haka aka ga kwasa (quasar, wani abu mai tsananin haske can nesa a sararin samaniya) guda a matsayin biyu a 1979. In ƙafar a karye take, a naɗe bakin da salatif saboda hannun yara.

Malami, Ƙofar Soro: To lissafin fa, ranka ya daɗe?

Tsohon malami, Daura: Hasken da ya gifta gefen rana yana kaucewa da daƙiƙar kwana 1.75, wato digiri ɗaya a kasa 3,600, a ɗauki kashi ɗaya da kwata uku. Kamar hango abu mai faɗin santimita 3 ne daga kilomita 3.5. Lissafin Newton rabin haka yake bayarwa. An auna ranar 29 ga Mayu, 1919, lokacin husufin rana, Eddington, masanin taurari ɗan Ingila, a tsibirin Firinsife na gaɓar Afirka, wasu a Sobral ta Birazil. Inda yara ke tuntuɓe: lissafin da radiyan (wani ma'aunin kwana) yake fita, sai an ninka da 206,265 kafin a sami daƙiƙar kwana. Kuma baho da ƙwarya duk ba sa nuna lokaci, alhali rabin lanƙwasar daga yadda nauyi ke shafar tafiyar lokaci take. Ku ba su misalin GPS na waya: agogon tauraron ɗan'adam yana gaba da namu da maikurosakan 38 kullum (maikurosakan shi ne daƙiƙa ɗaya a kasa miliyan), in ba a gyara ba taswira ta goce da kusan kilomita 10 a rana.