Muhawara: A tara kuɗi a sayi kayan kwamfutar wasa gaba ɗaya, ko a riƙa saye ɗai-ɗai?

Bashir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da niyyar haɗa kwamfutar wasanni ta tebur da hannuna, kuma bisa abin da nake iya warewa daga albashi, sai na yi wata bakwai ko takwas kafin kuɗin su cika. Yayana, wanda sana'arsa gyaran kwamfuta ce, ya ce mini kuskure ne babba mutum ya riƙa sayen kayan ɗai-ɗai yana jibgewa a ɗaki, wai daidai shi ne a tara kuɗi har su kammala sannan a sayi komai cikin mako guda. Ni kuwa hankalina bai kwanta da maganar ba, domin ina tsoron kuɗin su zauna a asusu darajarsu tana zagwanyewa. Ina neman ra'ayinku, musamman waɗanda suka taɓa haɗawa da kansu.

Malam Nura: Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Yayanka gaskiya ya faɗa maka, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne. Kayan kwamfuta ba su gwaduwa ɗaya bayan ɗaya. Babban allo, wato faifan da ake jona sauran kayan a kansa, ba zai nuna maka lafiyarsa ba sai an ɗora masa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), an sa masa RAM (ma'adanar bayanai ta wucin gadi), an ba shi wuta, kuma wa'adin mayar da kaya daga ranar da ka biya kuɗi yake fara ƙirgawa, ko ka buɗe kwalin ko ba ka buɗe ba. A Amazon yawanci kwana 30 ne, a shagunanmu na gida kuwa sau da yawa 'yan kwanaki ne kawai ake ba ka na gwaji.

Ni abin a kaina ya faru. Na sayi babban allo na ajiye shi a kwalinsa a saman kabad har wata huɗu ina jiran kuɗin furosesa. Ranar da na haɗa komai na danna maɓalli, fankoki suka juya, amma fuskar kwamfutar ba ta nuna komai ba, sai wata 'yar jar fitila da ta tsaya a kunne kusa da inda aka rubuta DRAM, alamar matsalar ta ɓangaren RAM ce. Na kwana biyu ina sauya wa sandunan RAM gurbi kafin na tabbatar biyu daga cikin gurabun huɗu matattu ne. Da na koma wurin wanda ya sayar mini, sai ya duba ranar da ke jikin rasiti ya ce ba shi da hanyar sanin ko a hannuna ya lalace, kuma ban ga laifinsa ba, domin ni ma da ni ne a matsayinsa abin da zan faɗa ke nan.

Hajara: Malam Nura, Allah ya mayar da alheri. Sai dai ina ganin wannan shawara ta a jira a sayi komai rana ɗaya ta fi dacewa da wanda ake biyansa albashi da dala. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wata takwas ke nan, daidai tsawon lokacin da Malam Bashir yake shirin yin tarinsa. Duk wanda ya fara ajiya a wancan lokaci da nufin haɗa kwamfuta, ya wayi gari kuɗinsa ko rabinta ba za su saya ba, alhali wanda ya riƙa ɗaukar abu ɗaya kowane wata ya tsira da abin da ya shiga hannunsa. Babu ɗaya daga cikin kayan nan da ake ƙerawa a nan, saboda haka ko a Computer Village ta Ikeja ka je, ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, mai shago farashin dala na ranar yake dubawa kafin ya gaya maka kuɗin kaya. A irin wannan hali ni dai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Malam Nura: Ban musanta lissafinki ba, Malama Hajara, amma maganin faɗuwar naira shi ne a yi ajiyar da dala, kuma bankuna suna buɗe asusun kuɗin waje ga mai buƙata. Dala tana jiranka yadda ka bar ta, katin hoto kuwa, wato na'urar da ke sarrafa hotunan wasa, da zarar sabon samfuri ya fito darajarsa ta ragu ko da yana cikin ledarsa. Bayan haka, naira ta ɗan samu nutsuwa a 2025, don haka bai kamata a gina shawara kacokan kan abin da ya faru a shekara ɗaya ba.

Usman: Ina ganin ku biyun kuna magana ne kamar kayan kwamfuta duk jinsi ɗaya ne, alhali sun sha bamban wajen tsufa da wajen yiwuwar gwaji. Akwatin da ake harhaɗa kayan a ciki ƙarfe ne da gilashi, ido kaɗai ya isa ya tabbatar da lafiyarsa, kuma zai iya shekara biyar bai zama tsohon yayi ba. Allon kallo ana iya jona shi da kwamfutar cinya a duba shi a ranar da aka saya. SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, ma haka, idan akwai wata kwamfutar da za a saka shi. Na'urar ba da wuta mai inganci garantinta yakan kai shekara bakwai zuwa goma, don haka wata shida a kabad ba zai cinye komai daga ciki ba. Waɗannan duk ban ga abin da zai hana Malam Bashir ya saye su tun yanzu ba, matuƙar ya riga ya san irin katin hoton da yake hari, domin tsawon katin ne yake yanke girman akwati, kuma yawan wutar da yake ja ne yake yanke ƙarfin na'urar wuta.

Inda nake tare da Malam Nura ɗari bisa ɗari shi ne abubuwa uku: furosesa, babban allo da RAM. Waɗannan a ɗaure suke da juna, kuma a rana ɗaya ya kamata su shigo gida. Kamfanin AMD ya yi amfani da mazaunin furosesa mai suna AM4 tun daga 2016, sannan a Satumbar 2022 ya fito da AM5 wanda sabon nau'in RAM mai suna DDR5 kaɗai yake karɓa. Sandar tsohon nau'in, wato DDR4, ba ta shiga gurbin DDR5 ko da an tilasta ta, saboda tsagar da ke ƙasanta ba a wuri ɗaya take ba. Kamfanin Intel ma ya bar mazaunin LGA1700 ya koma LGA1851 a Oktoban 2024. Wanda ya sayi babban allo tun da wuri ya ɗaure kansa ke nan, duk wani furosesa mai kyau da araha da ya bayyana a wani mazaunin sai dai ya kalle shi. Katin hoto kuma shi nake barin ya zama na ƙarshe, tunda shi ya fi komai tsada kuma ya fi saurin sauyawa. Furosesoshin Ryzen 7000 na AMD, ban da masu harafin F a ƙarshen sunansu, suna da ɗan ƙaramin injin hoto a cikinsu, wanda ya isa a kunna kwamfutar a gwada komai har a yi aiki da ita kafin katin ya iso.

Hajara: Malam Usman, rabon da ka yi ya gamsar da ni, amma akwai zaton da ke ƙarƙashin maganarku duka wanda nake so a duba, wato cewa kayan lantarki kullum sauka suke yi idan an jira. Wannan bai tabbata ba. Kamfanin Nvidia ya fito da katin hoto RTX 3080 a Satumbar 2020 a kan dala 699, amma saboda ƙarancin ƙananan kwakwalwan lantarki a lokacin korona da kuma masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum, wato masu samar da shi da ƙarfin katunan hoto, da suka riƙa kwashe katunan, a 2021 ana sayar da shi ninki biyu ko fiye. Mutanen da suka bar katin hoto a ƙarshe, kamar yadda ka ba da shawara, da yawansu sun yi jiran gawon shanu fiye da shekara guda. Farashin bai dawo hayyacinsa ba sai a 2022, shekarar da Ethereum ya daina amfani da haƙa a ranar 15 ga Satumba, masu haƙar suka zubo katunansu na hannu a kasuwa.

Misali mafi kusa shi ne RAM. A ƙarshen 2025 farashin DDR5 ya ninka har ya zarce, saboda kamfanoni uku da suke riƙe da mafi yawan kasuwar, wato Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ƙarfinsu ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira masu biyan kuɗi da tsoka. Micron har ya sanar a Disambar 2025 cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kaya da sunan Crucial. Wanda ya sayi RAM a tsakiyar shekarar ya ajiye, ya saɓa wa ƙa'idarku, amma shi ya ci riba.

Usman: Wannan gaskiya ce, kuma na karɓa. Abin da zan ƙara kawai shi ne a lokacin babu mai saye da ya hango hakan, don haka sa'a ya taka, kuma da wuya a ba wa mutum shawarar ya dogara da sa'a.

Aliyu: Ni tambayata ta ɗan bambanta. Tunda dai Malam Bashir zai ɗauki watanni, me zai hana ya daidaita sayayyarsa da rangwamen Black Friday na ƙarshen Nuwamba, ko ya jira fitowar sabbin katuna domin tsofaffin su faɗi?

Malam Nura: Malam Aliyu, rangwamen Nuwamba yana da amfani ga allon kallo da SSD da akwati, amma da wuya ka ga an karya farashin katin hoto da ake rububi a kansa, kuma a nan gida wajibi ne ka rubuta farashin kaya tun a Oktoba domin ka gane ko rangwamen na gaske ne. Jiran sabon samfuri ma yana da tarkonsa. Lokacin da Nvidia ya sanar da jerin RTX 50 a baje kolin CES na Las Vegas a Janairun 2025, an ce RTX 5070 dala 549 ne, RTX 5090 kuma dala 1,999, amma a makonnin farko samun manyan katunan a wannan farashi ya yi wuya ƙwarai, tsofaffin RTX 40 kuma sun riga sun yi ƙaranci a shaguna, don haka ba su faɗi yadda aka yi fata ba. Haka kuma sabon kaya yana buƙatar lokaci kafin aibinsa ya bayyana. Matsalar tangarɗar manyan furosesoshin Intel na zubi na 13 da na 14 sai a 2024 ta fito fili, har kamfanin ya ƙara musu garantin shekara biyu. Ni na fi son samfurin da ya yi wata shida a kasuwa mutane sun gwada shi.

Bashir: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da na tsayar shi ne, a wannan wata zan sayi akwati da na'urar wuta, wata mai zuwa allon kallo tare da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, domin yanayin wutar unguwarmu ba zai bari in jona kaya masu tsada kai tsaye da bango ba. Sauran kuɗin zan riƙa mayar da su dala har su isa furosesa da babban allo da RAM a lokaci ɗaya, katin hoto ya biyo baya.

Hajara: Shirin ya yi kyau, amma ina nan a kan bakana game da RAM. Idan ka riga ka yanke cewa AM5 za ka bi, kuma ka ci karo da DDR5 a farashin da ya dace, ka saya a ranar, ka kai wa yayanka ya gwada maka a kwamfutar da ke shagonsa.

Malam Nura: Da sharaɗin gwajin nan take, ba ni da ja. Na'urar wutar ma haka za ka yi mata, Malam Bashir, ka sa a jona ta da wata kwamfuta ta yi aiki na 'yan sa'o'i kafin wa'adin mayarwa ya cika, sannan ka ɗauki hoton rasitin da wayarka, domin rubutun irin wannan takarda yakan goge kafin shekara ta zagayo.