Baƙo Babu Sallama: Musayar Baitoci Kan Amurka

Badamagare:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya a majalisar shayi wani yaro ya tambaye ni me ya kori sojan Amirka daga Nijar a 2024, bayan sun zuba sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas. Na ce masa rashin iya gaisuwa. Ya yi dariya, ni kuwa na kwana ina jera baitoci. Mai ƙarfi ya amsa.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Kan baƙon da bai yi sallama ba.

Soja dubu ya zuba a ƙasarmu,
Ko "ina kwana" bai riƙe ba.

Watan Maris ya aiko manya,
Sunan masu zuwa bai faɗa ba.

Suka zauna suna nuna yatsa,
Wai bin Rasha bai kamata ba.

Janar Tiani ya ƙi ganinsu,
Har suka tashi bai fito ba.

Kafin Satumba ta kai ƙarshe,
Sun kwashe kaya ba su waiga ba.

Ɗan Kurmi:
Wa'alaikumus salam, bawana. Na ga baitoci, sai dai kuri ya fi hujja yawa. Tara hannu:

Badamagare sannu da kuri,
Ka kori baƙo ka yi shewa.

Ka share ɗaki tun da safe,
Da yamma Rasha na shigowa.

Shi wannan wace Hausa ya iya?
Da wane baki yake gaisarwa?

Mahayi ne kurum aka sauya,
Jaki na nan yana ramewa.

Goggon Zango:
Kai Ɗan Kurmi, Allah ya ja zamaninka! Baitin jakin nan ya biya ni. Badamagare, a sha ruwa tukuna.

Malam Aruli:
Goggo, a yi yabo da hankali. Mai gida ya buɗe da amsa-amon "ba", ladabin musaya shi ne a amsa masa da "ba". Ɗan Kurmi ya gudu ya fake da "wa", wanda kowa ya san shi ne mafi arha a kasuwa: shigowa, ramewa, gaisarwa, ko ɗan firamare zai jera ɗari kafin a tashi tara. Shi ma mai gidan ba na wanke shi, don jimlolin korewa da yawa a Hausa da "ba" suke ƙarewa, ba wani gumi ya yi ba.

Ɗan Kurmi:
Malam, ai ni ma baƙo ne, ban yi sallama ba.

Badamagare:
Malam bari in gama da yaron nan, sannan ka yi mini bulala.

Bakano ka kira ni jaki,
Kai ba ka duba bayanka ba.

Ran da aka ce a rufe iyaka,
Ba ka ce "ɗan'uwana ne" ba.

Kuka yanke mana wutar Kainji,
Ku ma ba ku kwana da haske ba.

Albasa ta ruɓe cikin mota,
Raƙumi bai shiga Maigatari ba.

In ni jaki ne da mahayi,
Kai ba ka san mai jan akalarka ba.

Ɗan Galmi:
Allahu akbar! Ya kashe bakinsa. Agustan 2023 ba za mu manta ba. Goggo, ina guɗar taki?

Goggon Zango:
Guɗata ba ta haya ba ce. Kuma ɗangon ƙarshen nan ya yi tsawo kamar layin mai.

Na Bronx:
Ku gafarce ni, lokacin da kuke wannan dambe ina bakin aiki. Shekarata 11 ina tuƙin tasi a birnin New York. Ba kare su na zo yi ba, amma yaya Badamagare, abin da ka kira raini wani lokacin haka suke yi wa junansu ma.

Ku ji ni 'yan'uwa da kunnen basira,
Mutumin nan gaisuwarsa gajera.

Ba ya tambayar gida da iyali,
Abin da ya kawo shi, da shi zai fara.

In ka sunkuyar da kai don ladabi,
Shi a wurinsa gaskiya ta ƙaura.

In ka ce "sai mun duba" don kunya,
Ya ɗauka ka amince, sai ya jira.

Na ce da tsoho "Baba" cikin mota,
Ya ce in kira sunansa, na gyara.

Ɗan Kurmi:
Na Bronx ya ci burodin mutane, dole ya yi musu waƙa.

Na Bronx:
Burodin da kake karɓar canjinsa duk ƙarshen wata, ƙanena.

Kawu Tsohon Soja:
Ɗana na Bronx, maganarka gaskiya ce a cikin tasi. Kai in fasinja bai fahimce ka ba, iyakarsa ya hana ka tukuici. Wanda yake da jirgi a sama in bai fahimci mutane ba, kabari ake haƙawa. A Yulin 2002 a lardin Uruzgan na Afganistan an yi wa taron biki ruwan wuta, mutum sama da 40 suka mutu, a ƙasar da harba bindiga sama al'adar murna ce. Ranar 29 ga Agustan 2021 a Kabul an harbi motar wani ma'aikacin agaji, mutum 10 suka mutu, 7 yara ne, daga baya sojan Amurka da bakinsu suka ce kuskure ne. Ban iya waƙa ba, amma ga abin da ya samu:

Ɗana batun gaisuwa wasa ne,
Wanda ke sama makaho ne,
Ango a gunsa maƙiyi ne,
In bindigar biki ta tashi.

Jarkar ruwa a bayan mota,
Idon na'ura ya hango ta,
Aka ce bam ne a sakar mata,
Yara bakwai ba wanda ya tashi.

A Bagadaza an cire takalmi,
An jefi Bush gaban masu alƙalami,
Ya ce lamba goma ne, ba shi da ilimi
Na cewa a ƙasar nan babu zagin da ya fi shi.

Na takalmin nan Disambar 2008 ne, ɗan jarida Muntazar al-Zaidi, ga yaran da ba su san labarin ba.

Goggon Zango:
Inna lillahi. Kawu ka sa ni hawaye. Wanda ya ce bai iya waƙa ba ya fi masu iyawar.

Malam Aruli:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma Kawu, da girmanka, ka rufe baiti biyu a jere da "tashi". Malaman aruli suna kiran wannan iɗa'i, aibi ne. Ɗangon ƙarshe kuma ya ninka 'yan'uwansa, sai an yi numfashi biyu kafin a kai ƙarshensa.

Goggon Zango:
Ana maganar yara bakwai kai kana ƙirga gaɓoɓi? Malam ji tsoron Allah.

Ɗalibar Hausa:
Malam, Allah ya gafarta, ina da gyara. Iɗa'i sai in kalmar ta dawo da lafazi ɗaya da ma'ana ɗaya. Tashin bindiga daban, tashin mutum daban. Wannan jinasi ne, ado ne.

Malam Aruli:
'Yata, tashi dai tashi ne, asalin kalmar ɗaya. Jinasi shi ne kamar "gari" na zama da "gari" na tuwo.

Ɗalibar Hausa:
To ai misalinka ma bai zauna daidai ba Malam, "gari" na tuwo wasalinsa na farko dogo ne, na zama gajere. A rubutu ne kawai suka yi kama.

Ɗan Galmi:
An kama Malam! Yarinya Allah ya ƙara basira.

Malam Aruli:
Ba a kama kowa ba. Jinasi iri biyu ne, akwai cikakke akwai tauyayye. A koma a karanta.

Ɗan Kurmi:
Tunda an shiga gyare-gyare, a gyara wa bawana bakinsa:

Ka ce Amirka mu mun ce Amurka,
Sunan baƙonka ma ya gagare ka.
Shekara goma yana ɗakinka,
Ba ka san yadda ake kiransa ba, balle ka kore shi da hujjarka.

Malam Aruli:
Wannan ɗango na huɗu ba ɗango ba ne, wasiƙa ce.

Badamagare:
Na dawo, wuta ce aka ɗauke, Ɗan Kurmi ya san wa zai tambaya. Kawu, na sara maka. Ka tuna mini da 2003, lokacin da aka yi yawo da takardun jabu wai Nijar ta sayar wa Saddam na Iraƙi yuraniyom, hukumar nukiliya ta duniya ta ce ƙarya ce, amma bai hana yaƙi ba. Sai dai in faɗi gaskiya ko da Na Bronx zai ji daɗi. Daga 1962 zuwa 2011 'yan sa-kan Amirka na Peace Corps sun zauna a ƙauyukanmu. Ina yaro akwai wata a garinmu, da zane take yawo, ta fi Ɗan Kurmi iya karin magana. Kuma a Tongo Tongo, Oktoban 2017, sojansu huɗu sun faɗi tare da namu. Wannan karon na bar "ba" saboda Malam.

Akwai wadda ta zo da jakarta,
Ta zauna bisa tabarmarmu.

Ta sha fura da ludayin duma,
Ta je gaisuwar mutuwarmu.

Da ita aka aiko Yamai,
Da ta fara da "ina gajiyarmu".

Amma mai jin Hausa ba ya da iko,
Mai iko ba ya jin zancenmu.

Na Bronx:
Yaya, wannan baiti na ƙarshe zan rubuta in liƙa a mota.

Ɗan Kurmi:
"Ina gajiyarmu"? Wa ke gaisuwa haka? An murɗe wuyan gaisuwa don a samu "mu". Ga ta dawo maka:

Ka zagi baƙo kan gaisuwa,
Kai ma taka ta karkace.

Baturiyar da ta sha furarku,
Da ta ji wannan da ta gyatse.

Goggon Zango:
Ɗan Kurmi ka cika baki, amma yau Badamagare ya fi ka. Na sauya sheƙa.

Ɗan Galmi:
Goggo barka da zuwa, ba ma tambayar fasfo.

Ɗalibar Hausa:
A wajenmu ana cewa "ina gajiyarmu" in an yi wahalar tare, kamar bayan biki ko jana'iza. Ɗan Kurmi ya tambayi kakarsa.

Malam Aruli:
Gaisuwar ta halatta. Abin da bai halatta ba shi ne "karkace" da "gyatse", ɗaya "ce" ɗaya "tse". Kuma har yanzu ina jiran Kawu ya rage ɗangon nan nasa.

Kawu Tsohon Soja:
Malam, na je masallaci ne. Ɗangon yana nan yadda yake, in ya dame ka ka yanka rabi ka riƙe.