'Yata ta zana kakarta fara, wa zan nuna mata?

Magidanci, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. 'Yata mai shekara 14 Allah ya ba ta hannu, da biro kawai take zana mutum ka rantse hoto ne. Makon jiya ta zana mahaifiyata. Komai ya fito, har tsagen kumatunta da ɗaurin kallabinta, amma sai ta mai da ita fara. Hajiya kuwa baƙa ce wuluk, kuma duk zuriyarmu babu mai kyanta. Da na tambaya sai ta ce, "Baba, in na cika baƙi fuskar ɓacewa take yi." Maganar ta tsaya mini a rai. Ban ga laifinta ba, hotunan bikin da take gani duk an wanke amare tas. Don Allah akwai masu zana baƙar fata yadda Allah ya yi ta?

Malamar zane, Barnawa:
Wa alaikumus salam. Tunda biro take riƙewa, fara mata da Toyin Ojih Odutola, haifaffiyar Ile-Ife da ta tashi a Amurka. Da baƙin biro ta yi suna, layi kan layi, har fata ta riƙa sheƙi kamar shadda ta sha bugu. Sai Kerry James Marshall, Ba'amurke, wanda da gangan yake zana mutanensa baƙi ƙirin, yana haɗa baƙin fenti iri-iri don fuska ta fito daga cikin baƙin. A 2018 an sayi wani zanensa sama da dala miliyan 21.

Amma Malam, kafin intanet, ka zaunar da Hajiya a bakin ƙofa da hantsi. Yarinyar ta dubi inda haske ya sauka: goshi, karan hanci, saman kumatu, leɓen ƙasa. Nan kaɗai za ta bar farar takarda, sauran ta cika ba tsoro. Ɗalibaina ma haka suke zuwa, hannunsu na rawa da baƙi, sai sun ga wannan da idonsu.

Ɗan Kakuri:
Ni ba mai zane ba ne, mahaifina a masaƙa ya ƙare aikinsa, shi ya sa aikin Yinka Shonibare ya kama ni. Da atamfa yake ɗinka wa gumaka tufafin Turawan da, don a tuna atamfar nan asalinta Indunusiya ne, Turawan Holan suka kawo mana. Kuma Yaya, ka kai ta gidan tarihi na titin Ali Akilu a nan Kaduna ta ga kawunan Nok, tsofaffin gumakan yumɓu. A ƙasar jihar nan aka tono irinsu, sun haura shekara 2,000, ta dubi hancin da leɓen.

Wata uwa, Kawo:
Allah ya raya ta. Sai dai a ji ta bakin malamai kan zanen mai rai, akwai magana a kai. Zayyanar allo da adon bangon Zariya ma namu ne, ba kuma ƙaramin fanni ba ne.

Magidanci, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya ta Kawo, zan tambayi limaminmu in sha Allah. Daren jiya na nuna mata aikin Toyin a waya, ta yi ta buɗa hoton da yatsu tana bin layukan, ko tuwo ba ta taɓa ba. Mahaifiyata ta yarda za ta zauna mata ranar Asabar, da sharaɗin a bar mata carbinta a hannu.