Tun da na ƙara wa bod ɗina kaya ya daina zama lafiya

Mai Sukudireba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramar kwamfutar nan mai bod ɗaya, na sa ta lura da zafi da danshi a ɗakin ajiya. Wata biyar tana aiki, ko tari ba ta yi ba. Sai na ƙara mata sensa uku, da rile (makunnin da wuta ke sarrafawa) mai kunna fanka, da hadis (faifan ajiyar bayanai) na USB. Tun daga ranar ba ta kwana huɗu sai ta daskare, ko ta mutu ta tashi da kanta. Jiya kuwa ta ƙi tashi ƙememe. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka da labari.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Yaro, da me kake ba ta wuta? Ni na yi wata biyu ina zargin manhaja, ina gogewa ina sake ɗorawa, ashe ɓarawon yana cikin wayar caja. Siririya ce, ga tsawo. Da na sa mita, a bakin caja bolt 5.1 nake gani, amma a kan bod, da zarar hadis ya fara juyawa, sai ya faɗo 4.5. Kar ka auna tana zaune ba aiki, ƙarya za ta yi maka. Ka duba ƙa'idar da masu Raspberry Pi 4 suka rubuta: amfiya 3 take so, kuma ramukan USB ɗinta huɗu gaba ɗaya amfiya 1.2 suke rabawa. Hadis mai juyawa shi kaɗai yana iya jan kusan amfiya ɗaya lokacin tashi. Na sa gajeriyar waya mai kauri, na ba hadis hob (marabar ramukan USB) mai wutarsa daban, shi ke nan.

Ɗalibar Lantarki:
Baba ya faɗi dalilin mutuwa da tashi. Ƙin tashin jiya kuma ina zargin katin memori ne. Uku na binne kafin na yi hankali. Ina rubuta bayanan sensa a kai duk daƙiƙa, to duk sanda wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, sai fayilolin su dagule. Yanzu na kulle katin, karatu kawai ake yi daga gare shi, bayanai na taruwa a RAM, duk awa a tura su wani wuri. Wanda zai sayi sabo ya nemi bod mai eMMC, wato memori a jiki, kamar BeagleBone Black, ko mai hanyar PCIe (mahaɗi mai sauri) kamar Pi 5 da ta fito a 2023, ya sa NVMe, ma'ajiyar bayanai da ake jonawa ta nan.

Injiniya Auta:
Ni rile ne ya koya mini darasi. Na jona shi kai tsaye da fil ɗin GPIO (filolin bod da ake jona kaya a kai), ba transista, ba dayod ɗin kariya. Duk sanda ya saki, nadin wayar cikinsa sai ya tofo wuta baya. Sati guda fil ɗin ya ƙone. Laifina ne, kuma na maimaita shi da wata sensa mai fitar da bolt 5, alhali filolin nan 3.3 suke ɗauka.

Malam Mai Sukudireba, sensocin nan uku ta I2C ka haɗa su? Nawa ne tsawon wayar? Philips ta ƙirƙiro I2C a farkon shekarun 1980 don sassan da ke maƙwabtaka a cikin na'ura ɗaya su yi magana, ba don a ja waya zuwa wani ɗaki ba. Na ja tawa mita huɗu, sai sensa ɗaya ta riƙe layin, sauran duk suka yi shiru. Da na koma RS-485, wani tsarin aika bayanai ta waya wanda ke iya kai mita 1200, ban sake jin ɗuriyar matsalar ba.

Ɗan Gajeren Hanya:
Ku dai kuna son wahala. Kunna wacdog, mai gadin da ke lura da kwamfutar, in ta daskare ta tayar da kanta. Tawa shekara guda ke nan ban taɓa ta ba.

Baba Mai Rediyo:
Wacdog yana da amfani, nima ina sa shi. Amma rufe tukunya ne da wari a ciki. Duk tashin dole da take yi, katin ne ke biya. Ka taɓa duba sau nawa ta tashi a shekarar?

Ɗalibar Lantarki:
Ga kuma agogo. Da yawa daga bod ɗin nan ba su da agogo mai batir, daga intanet suke karɓar lokaci. Tawa ta tashi ba netwok, ta yi kwana biyu tana buga wa bayanai kwanan wata na bogi. DS3231, wani agogo mai batir, na sa mata.

Mai Sukudireba:
Allah ya saka da alheri. Baba, na auna kamar yadda ka ce: 4.4 lokacin da hadis ke tashi. Na canza waya, na sa sabon kati, ta tashi. Injiniya, I2C ne, mita uku, kuma wayar tana bin gefen ta fanka. Har yanzu duk sanda fankar ta kunna, sensa ta uku sai ta ɓace. Gobe zan raba su in gani.