Ruwan nonona ya ragu tun da na dawo daga wankan gida, me zan ci?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah ina neman shawara, abin ya tsaya min a rai. Haihuwata ta fari ce, namiji, yanzu ya kusa wata biyu. A gidanmu na yi wankan jego a Funtuwa, kuma duk zaman da na yi can ban san wani abu ƙarancin nono ba. Kafin gari ya waye Mama ta dama kunun kanwa, da hantsi ga farfesun ƙafar sa ya sha yaji, nono har jiƙa min riga yake sai na cusa tsumma. Bayan arba'in aka mai da ni ɗakina a Kaduna. Maigidan tun safe yake fita, daga ni sai yaron, wata rana shayi da burodi ne a cikina har azahar.

Yanzu nonon ya yi laushi, ba ya cika ya yi tauri kamar da. Daga la'asar zuwa isha kuwa yaron kuka yake, ya kama ya saki, ya kama ya saki. Surukata ta zo ta gani ta ce ba ya ƙoshi, a sayo madarar gwangwani, a riƙa ba shi ruwa kuma saboda zafin gari. A asibiti an ce mana nono zalla har wata shida, ga shi ba na son yi wa Hajiya musu. Me zan ci ruwan ya dawo? Don Allah da yadda ake haɗawa da awonsa. An ce min hulba, amma ban san yadda ake shan ta ba.

Goggon Yara:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya Hanif. Mai shayarwa da shayi da burodi har azahar? Haba, ai dole jiki ya gaya miki. Ki yi garin kunu ki ajiye, shi ne rufin asirin wadda ba ta da mai taya ta aiki.

Ki samu gero tiya ɗaya, alkama rabin tiya, gyaɗa gwangwanin madara huɗu, waken suya gwangwani uku, riɗi gwangwani ɗaya, sai citta da kanumfari ɗan daidai. Geron a surfa a wanke a shanya ya bushe ƙarau. Waken suya ki soya shi a busasshiyar tukunya kina juyawa har ƙamshi ya tashi, ki ɓarza ki sheƙe ɓawon, in ba haka ba kunun zai yi gafi. Gyaɗar ki zauna ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi ko funfuna ki zubar, kada ki ji asara. Ki soya sama-sama ki murje. Sai a haɗa duka a kai inji. Idan an dawo da shi ki baza a faranti ya huce kafin ki rufe, don yana fitowa da zafi, ga man gyaɗa a ciki.

Da asuba ki ɗebi babban cokali huɗu ki kwaɓa da ruwan tsamiya, ki sheƙa tafasasshen ruwa, ki mai da shi kan wuta ya ɗan ƙara nuna. Ki juye a filas ki ajiye kusa da inda kike zama ba shi nono. Duk zaman da za ki yi, kofin kunu yana hannunki.

Abincin rana kuma kada ki wahalar da kanki. Dafaffen zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, kwaɗo ke nan, minti nawa ne? Faten wake da alayyahu, in da hali a yanka hanta a ciki. Da dare tuwon dawa miyar zogale da gyaɗa. Fura ma tana da kyau, amma ki tabbata an dafa nonon shanun kafin ya kwana. Ki ce wa maigidan ya riƙa shigo miki da dabino da aya ko tsire, haƙƙinki ne.

Sista Mai Awo:

Ƙanwata sannu da fama. Ni ungozoma ce, kuma kukan nan naki shi muke ji kusan kullum ranar allurar sati shida. Abincin da Goggo ta lissafa duk ki ci, mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci na wajen kalori 500 (ma'aunin ƙarfin abinci) a rana a kan wanda ta saba. Amma kafin ki yanke cewa nono ya ragu, bari mu duba, don abin da kika faɗa bai nuna haka ba tukuna.

Laushin nono a wannan lokacin ba alamar ƙarewa ba ce. Makonnin farko jiki yana yin fiye da buƙata, shi ya sa yake kumbura yana zuba. Daga wajen sati shida sai ya daidaita da abin da yaro yake sha, nonon ya saki. Kukan yamma ma haka, jarirai da yawa a wannan watan suna son su yi ta tsotso a jere daga la'asar zuwa dare. Abin da za ki duba uku ne. Yana jiƙa famfas aƙalla sau 6 a kwana ɗaya, fitsarin fari ba ja ba? Kina jin haɗiyarsa idan yana sha? Nauyinsa yana hawa a katin awo? Idan duk eh ne, yana ƙoshi.

In ma ya ragu ɗin, babu kunun da zai yi aikin bakin yaro. Nono kamar rijiya yake, ɗiba ke sa ta tsattsafo. Ki ba shi sau 8 zuwa 12 a awa 24, kada ki jira sai ya yi kuka, da ya fara juya kai yana tsotsar hannu ki ɗora shi. Na dare kada ki tsallake, don sinadarin da ke sa jiki yin nono ya fi yawa da dare. Ki duba kamunsa: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa a waje, haɓa ta taɓa nono, ya haɗa da baƙin da ke zagaye, ba kan nonon kaɗai ba. In yana miki zafi har ƙarshen sha, kamun ne bai yi ba, ki zo a gyara miki. Ki bar shi ya gama da ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi, ruwan ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki.

Ruwa kuwa, kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a zafin bazara ya ishe shi. Duk ruwa ko madarar da ta shiga cikinsa, tsotson da zai yi ne ta rage, daga nan ragin gaskiya yake farawa, ga gudawa in fidar ba ta wanku ba.

Tambaya ɗaya: kin fara maganin tazarar haihuwa bayan arba'in? Ƙwayar da ke da sinadarin istirojin tana iya rage nono, akwai wasu da ba sa ragewa, sai a canza miki. Haka wadda ta zubar da jini sosai wajen haihuwa ko ragowar mabiyiya ta tsaya mata, wannan asibiti ne maganinsa. Idan kuma yaro ya rage fitsari, ya yi laƙwas, ko maɗigarsa ta faɗa, kada ki kwana a gida.

Ummu Safiyya:

Maman Hanif, hulba na sha ta lokacin goyon Safiyya. Ƙaramin cokali ɗaya na ƙwayar a kofin ruwa, ta tafasa kamar minti biyar, ki tace ki sa zuma, safe da yamma. Zumar taki ce ke kaɗai, ba a ba jariri sai ya shekara. Ni na ga canji, amma maƙwabciyata ta sha ba ta ga komai ba sai kumburin ciki, don haka ba kowa take karɓa ba. Za ki ji warinta a guminki da fitsarinki, kada ki tsorata. Mai ciki ba ta sha, mai ciwon suga kuma sai ta tambayi likita don tana saukar da suga. Ni zogale na fi yarda da shi, abinci ne, ko a ƙasar Filifin shi suke dafa wa masu jego a miyar kaza.

Maganar Hajiya kuma, kada ki ja da ita ke da kanki. Tausayin jikanta ne ya sa ta faɗa. Ki sa ɗanta ya yi mata bayani, ranar allurar sati goma kuma ki roƙe ta ta raka ki. In ta ga an ɗora shi a sikeli an rubuta ya ƙaru, ma'aikaciya ta faɗa mata da bakinta, za ta fi natsuwa.

Maman Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, fitsari kam yana yi sosai, kuma a awon sati shida an ce ya ƙaru. Ban fara maganin tazara ba. Amma Mama ta ce za ta aiko min da kanwa in ci gaba da kunun da na sha a gida, in sa a garin Goggo?

Sista Mai Awo:

A'a ƙanwata, ki bar kanwar nan. Gishiri ne da ita mai yawa, tana tara ruwa a jiki tana ɗora wa zuciya nauyi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, mai hawan jini kuwa ta fi kowa shiga haɗari. Tsamiyar da Goggo ta ce ta wadatar. Ki ce wa Mama ta aiko miki da gero da gyaɗa da busasshen zogale a madadinta. In kin taɓa ganin ƙafarki ta kumbura, ko kina haki daga ɗan aiki kaɗan, ko numfashi yana miki wuya idan kin kwanta, ki je a auna jininki a duba zuciyar a ranar.