Wai PES wasan yara ne? Yadda aka kwashe a zauren 'yan wasan bidiyo na Garwa ta Kamaru

Ɗan Rumde: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Ina zaune a sal ɗin kartiyenmu, wato ɗakin buga wasan bidiyo na unguwarmu, ina buga wasan ɓuya Mark of the Ninja a kwamfutata, wasu samari suka kewaye ni suna ƙyaƙyata dariya, wai me ya sa mutumina ya laɓe bayan tukunya ya ƙi fitowa. Ba su san komai ba. A wasan nan in ka yi gudu sai da'ira ta bazu a allo ta nuna iyakar inda ƙarar takunka ta kai. Ta taɓa mai gadi, ya juyo da tocila. Kana cikin duhu jikinka baƙi ƙirin, ka shiga haske launinka ya fito, shi ke nan an gan ka. Sai ka fasa ƙwan fitila daga nesa ka zurara ta ramin iska, kare kuwa ko a duhu sai ya shinshino ka. Ana iya ƙetare mataki ba a kashe kowa ba, har maki ake ƙara maka. Klei ne suka yi shi, ƙaramin kamfani a Vancouver ta Kanada, a 2012, amma babu wasan da ake bugawa a Garwa da ya kai shi cin ƙwaƙwalwa. Wasannin ƙwallo irin su PES da FIFA wasan yara ne.

Kawu Mai Sal: Wa alaikumus salam. Su wa ye yaran?

Ɗan Rumde: Kawu ba da kai nake ba.

Kawu Mai Sal: Da ni kake. Ina riƙe da manet, abin sarrafa wasa, tun ana kiran PES Winning Eleven, lokacin kai ko lekol ba a sa ka ba. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Ka ce min yaro?

Ɗan Rumde: Wasan na ce na yara, ban ce kai yaro ba ne.

Na Marwa: To mai buga wasan yara me ye sunansa? Dattijo?

Ɗan Kusiri: Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as 😂

Kawu Mai Sal: Kai Ɗan Kusiri ka kama bakinka, da yayanka nake abota ba da kai ba.

Anti Gaundare: Ni abin da ban gane ba, tun yaushe yaro ya zama zagi? Ɗana na aji biyar yana lallasa babansa a ƙwallo kullum. Ku bar raina yara.

Na Marwa: Anti kin ga ai kin taimaki Ɗan Rumde, kin tabbatar yara ne ke bugawa.

Anti Gaundare: Ban taimaki kowa ba, kada ka sa min magana a baki.

Malam Shiru: Bari in sa baki kaɗan. Ɗan Rumde, kamfanin da kake rainawa, Konami mai PES, shi ne ya fitar da wasan ɓuya Metal Gear a 1987. Na'urar lokacin, MSX2, ba ta iya ɗaukar abokan gaba da harsasai da yawa a allo ɗaya, shi ya sa Hideo Kojima ya juya abin, ya zama gudun faɗa ake yi maimakon faɗa. Wannan ɓuyan da kake alfahari da shi, gidan su Kawu ne ya raine shi.

Kawu Mai Sal: Allah ya yi maka albarka Malam. Kun ji ko? Mu ne iyayensu. To wa ye yaro yanzu?

Malam Shiru: Kawu ban ce haka ba.

Kawu Mai Sal: Ka faɗa, kowa ya gani.

Ɗan Rumde: Kawu ka taɓa buga Metal Gear ɗin?

Kawu Mai Sal: Ba sai na buga ba. Mutum ya shige cikin kwali yana rarrafe, shi ne aikin manya?

Na Marwa: Kuma wannan ƙaramin kamfani da ake ta faɗa, ai Microsoft ce ta fara fitar musu da wasan a Xbox 360. Wanda Microsoft ta goya ba maraya ba ne.

Ɗan Rumde: Fitarwa daban, ƙirƙira daban.

Na Marwa: In da gaske ƙananan kamfanoni kake kishi, ga Kiro'o Games nan a Yawunde, sun fitar da Aurion tun 2016, wasan 'yan Kamaru. Ka saya? Ka tafi Kanada kana mana ihu.

Ɗan Rumde: Aurion wasan faɗa ne, ba na ɓuya ba. Me ya haɗa su?

Ɗan Kusiri: Saye? Shi wannan ninjan ma a kile USB aka tura masa. Na san wanda ya ba shi.

Ɗan Rumde: Ƙarya kake. Kawo shaida.

Ɗan Kusiri: Kai ka kawo rasit.

Ɗan Rumde: Mutumin da wayarsa rabin yini tana kama layin Njamena shi zai tambaye ni rasit. Ka fara biyan sefa dubu biyun da na ranta maka tun azumi.

Ɗan Kusiri: Subhanallahi. A gaban mutane? Dubu ɗaya da ɗari biyar ne ma, ka manta na saya maka kati.

Anti Gaundare: Ku je can gefe ku yi lissafinku don Allah.

Na Marwa: Halin 'yan Garwa ke nan. Komai nasu ne babba, kowa yaro ne a wajensu.

Kawu Mai Sal: A'a, tsaya nan. Rigimata da Ɗan Rumde ta cikin gida ce, kada ka jawo Garwa. Ƙungiyarmu Coton Sport ta je wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Wace ƙungiya ce daga Marwa ta taɓa leƙa wajen?

Na Marwa: Coton ta je, Al Ahly ta ɗauke kofin ta bar ku da tafi.

Kawu Mai Sal: Vincent Abubakar da ya ci Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017, ya ci Brazil a Ƙatar a 2022, a ina ya taso? Coton.

Na Marwa: Ya cire riga aka ba shi jan kati.

Ɗan Rumde: Jan katin da ya fi kofinku duka. Kawu bar shi da ni.

Malam Shiru: Ikon Allah, yanzu kuma kun haɗe kai.

Ɗan Rumde: Ni dai har yanzu ba wanda ya amsa maganata. Akwai wanda ya buga wasan a cikinku?

Anti Gaundare: An ɗauke wuta a nan, caji na 4%. Sai da safe.

Kawu Mai Sal: To a matsayina na admin bari in taƙaita, tunda dare ya yi. Ɗan Rumde ya zagi manyansa, kuma da ya ce ba da ni yake ba, na ɗauka ya janye, na yafe masa. Malam Shiru ya kawo hujja ƙarara cewa duk wasannin ɓuya daga PES suka fito. Maganar Garwa da Marwa ba ta buƙatar sharhi, tarihi ya riga ya raba gardama. Batun bashi ba na zaure ba ne, amma Ɗan Kusiri ya biya kafin Juma'a. Gasar PES ta ranar Asabar tana nan bayan la'asar, shiga sefa 500, kowa ya zo da manet ɗinsa. Mai kwamfuta in ya zo zai biya kuɗin soket. Na rufe zaure sai gobe.