Rumbunmu ɗaya, manhajar injinan ta bambanta: ina mafita?

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu haɗa kiɗa. Mu a nan Maradi muna da rumbu guda na ƙananan shirye-shiryen kwamfuta da muka rubuta da Lua (wani harshen rubuta manhaja), kowane situdiyo yana kwasa da filashi. Da su muke aika wa injin kiɗa saitin kalangu da gurmi ta hanyar MIDI, wato tsarin da kwamfuta da injinan kiɗa ke aika wa juna saƙo da shi.

Wasu sun sabunta manhajar cikin injinsu, wasu sun ƙi, don tsoron kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa injin ya mutu. Yanzu saƙon SysEx ɗaya (irin saƙon MIDI da ke ɗauke da saitin inji), a sabon ya ɗaga sautin kalangu, a tsohon allo bai ko motsa ba. In na gyara wa wannan, na ɓata wa wancan, ga lokacin bukukuwa ya matso.

Na san saƙon F0 7E 7F 06 01 F7 yana sa inji ya faɗi sigar manhajarsa. To, shirin ya fara tambaya sannan ya zaɓi hanya, ko mu raba rumbun biyu? Rabawar ce ba na so, don gyara ɗaya sai an yi shi sau biyu. Wanda ya taɓa warware irin wannan, don Allah a taimaka.